Banjo Mai Rufaffen Baya

Marshall, 3 ga Yuni, 1978

Ɗana Hollis,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kuma kana zuwa coci a can Dayton. Mun gama dashen taba. Gwiwata tana nan yadda ka san ta.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, raina bai yi daɗi ba. Wai wuyan banjon ubanka, molon nan nasa, ya lanƙwashe, ba a jin sa idan masu goge sun taru, don haka kana neman izini ka kai wa mai kanti ya musanya maka da sabo kafin taron makaɗa na Agusta. Ban yarda ba. Marigayi ubanka Dewey da hannunsa ya sassaƙa shi, shi ya ɗaura masa fata, kuma duk abin da ya bari babu wanda ya kai shi. Ka san ban taɓa son kiɗan nan ba, don na ga inda yake kai maza ranar Asabar. Amma ɗan kirki ba ya kai kayan ubansa kasuwa.

Don kada ka ce na tauye ka, na sa kawunka Arvil ya kai ni Asheville. Na ce wa mai kanti ya ba ni banjon da ya fi kowanne. Ya sauko da wani mai rufaffen baya, sai ƙyalli yake, da ƙyar na ɗaga shi. Arvil ya fara gunaguni, na ce ya rufe mini baki. An sa maka shi a bas. Na ubanka kuwa, ka naɗe shi a bargo ka kawo mini.

Ka kiyaye kanka da kwalbar giya.

Mahaifiyarka,
Opal Ledford

Dayton, 14 ga Yuni

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya gwiwa? A gaishe da Kawu Arvil.

Banjo ya iso, na gode ƙwarai. Sai dai, Mama, wannan na masu sa faratan ƙarfe ne, masu fizgar tsirkiya sama. Mu irin na Baba ƙasa muke bugawa da bayan farce, babban yatsa ya kama gajeriyar tsirkiya, shi ya sa muke son buɗaɗɗen baya mai taushin murya. Na gwada shi a gidan Delmer, mai gogenmu, ya tambaye ni ko ƙararrawar coci na sato.

Ga abin da ya fi mini wuyar faɗa. Lokacin da na rubuto neman izini, na riga na kai na Baba na karɓo sabo. Na ɗauka za ki ce to. Jiya na koma in roƙa a mayar mini, mutumin ya ce wani ɗalibi mai wucewa ya saye shi, bai bar suna ba.

Ki yafe mini.

Ɗanki,
Hollis

Marshall, 25 ga Yuni

Hollis,

Gaisuwa. Muna nan.

Shekara ashirin da shida ubanka yana kiɗa a baranda, ni ina kicin ina buga tukwane don ya san ban so. Ban taɓa fitowa na kalli hannunsa ba, ga shi na je na sayo abin da ba namu ba. Wannan laifina ne, ni da Ubangiji. Ƙaryar kuwa taka ce.

Arvil ya ce kusoshi huɗu ne ke riƙe da murfin bayan, ana cirewa. Ka cire. Wanda ka karɓo a madadin na ubanka kada ya shigo mini gida.

Lahadi ta biyu a watan Yuli ake share kaburbura da sa furanni. Ka zo da fartanya, ka tsaya a kan kabarin ubanka ka faɗa masa da bakinka. Ni ban shirya yafewa ba tukuna.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mahaifiyarka