Ruwan Kwaɗon Asama'u

Satwa, Dubai
Laraba, bayan la'asar

Ya ke hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar tsamiyar da na fake a ƙarƙashinta tun gemuna yana baƙi wuluk har ya koma auduga. Ya ke ruwan farkon damina, ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, kurciyar da kukanta ke tashe ni da alheri. Asama'u, 'yar Malam Sulaiman na Ƙoƙi, uwar 'ya'yana, amincin Allah ya lulluɓe ki kamar yadda raɓa ke lulluɓe ganyen rama da asuba.

Kin ci abinci! Asama'u, kin ci! Wallahi cikin ɗoki nake rubutun nan, in kin ga ajamin nan nawa ya fi na kullum karkacewa kada ki ga laifin alƙalami. 'Yarmu Muhsinat ta kira ni da hantsi, muryarta har tsalle take, ta ce kin cinye farantin ganyen da na aiko wa ruwan haɗi, kin sa yatsa kin suɗe, kin kuma ce a ƙaro shinkafa. Wai tun shekaranjiya kike ci, ciki bai murɗa ba, amai bai zo ba, ta ɓoye mini ne sai ta tabbatar. Ina tsaye a kicin ɗin gidan hayar nan na faɗi na yi sujada a gaban buhun albasa. Wane attajiri ne a garin nan na dogayen benaye ya kai ni arziki yau? Wane mai jirgin ruwa ne aka sauke wa kaya irin wanda aka sauke mini daga ƙirji?

Ki bar ni in tuna, tunda kin san halina, ba na yar da komai, ko kwanon da ya ɓule ko maganar da ta wuce. Mun zo garin nan neman magani kin zama kamar karan dawa bayan girbi, awarwaronki yana zamewa har gwiwar hannu. Likita ya duba, ya ce ba sammu ba ne, ba iska ba ce, alkama ce. Wai akwai wani abu a cikin alkama da sha'ir, gulutin suke ce masa, shi yake cin hanjinki shekara da shekaru. Alkama fa! Abin da ake niƙa wa amarya, abin da ake kai wa majinyaci dubiya! Aka share kicin ɗin Muhsinat can unguwar masana'antu ta DIP, aka ajiye ki a wurinta. Ni kuwa kin sani, ba zan kwana ƙarƙashin rufin surukina ba. Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. Na zauna nan wurin autanmu Hadi da abokan aikinsa na kamfanin jigilar kaya. Kafin mu ankara korona ta shiga tsakani, likita ya ce wanda ke kwana cikin masu fita aiki kada ya kusance ki. Gari ɗaya, rana ɗaya ke gasa mu, amma kamar an gitta teku tsakanina da ke.

Sai ga wannan kwalbar ta kanti, ta ruwan haɗin salak, da alkama ta ɓuya a cikinta, kika yi ta murƙususu har aka koma da ke asibiti. Daga nan kika rufe baki. Duk abin da ya fito daga kwalba ko leda kika ce ba ke ba shi. Farar shinkafa da ganye gaya kuma kika ce kamar ana ba ki takarda ki tauna. Likita ya ce in ba ki fara ci ba za a kwantar da ke a zura miki roba ta hanci, a ɗakin da babu wanda za a bari ya shiga. Ke kaɗai, Asama'u, ke da ba ki taɓa cin tuwo babu wani a gefenki ba!

A nan ne na tuna. Kin tuna farkon zuwanmu, da yaran nan suka kai mu gidan abincin Italiyawa? Kowa ya duƙufa kan taliya, ke kika ture komai sai ganyen nan mai sheƙi. Na yi miki tsiya, na ce mun hau jirgi mun ƙetare Bahar Maliya don ki zo ki yi kiwo. Kika harare ni da gefen idon nan naki da har yau yake tsinka mini zuciya, kika ce ai kwaɗo ne, kwaɗon da ya je Turai ya dawo. Kika yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Sai na gan ki kamar jiya, amarya a ɗakinmu na Ƙoƙi, ruwan sama yana zuba ta indararo, rufin yana ɗiga a kusurwar gado, kin tara masa tasa, kina murza ƙuli-ƙuli a kan zogale. Muka ci a kwano ɗaya, kina ture mini ɓangaren da ya fi mai, kina tsammanin ban gani ba. Na gani, ya ke zumar farar saƙa. Na gani, kuma ban manta ba.

Na ce to, in kwalbar kanti ta ci amanarki, hannun mijinki Mijinyawa bai taɓa ci ba. Ni zan haɗa.

Hadi ya yi dariya, ya ce Baba ko shayi ba ka taɓa dafawa ba. Na ce ya yi ta kansa. Akwai wani kuku ɗan Filifin a hawanmu, a gidan abincin Italiyawa yake aiki. Ba ya jin Hausa, ba na jin Turanci, Larabcinmu duka na kasuwa ne, daga shwaiya sai yalla. Amma hanci ba ya bukatar tafinta. Ya jera mini kayan a kan tebur, ina shinshinawa ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mini wani khal, ruwan tsamin nan da ake zuba wa salak, mai ruwan ƙasa, na sha'ir, ya ja yatsa a wuyansa, na gane wannan guba ne a gare ki. Ya miƙo wani ja, wai daga giyar inabi ake juya shi. Hadi ya ce ai malamai sun yi bayani khal halal ne. Na ce na ji, Allah ya ƙara musu ilimi, amma ba a cikin matata ba. Muka tsaya a kan khal na tuffa, irin wanda kika sani a shagon masu maganin Musulunci, da ruwan lemun tsami.

Na hau jirgin ƙasa da takunkumina na tafi kasuwar kayan ƙamshi ta Deira, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina auna citta da kanumfari a Kurmi. Rubutun jikin kwalba ya fi ƙarfina. Na boko ban san shi ba, na Larabci in haɗa baƙi in rasa ma'ana. Amma ganye ba ya yi mini ƙarya. Wanda Italiyawa ke sawa ɗan'uwan za'atar ne, ganyen ƙamshin Larabawa. Mai shago ya ɗebo mini niƙaƙƙe yana ta habibi habibi, na ƙi, don kuku ya gargaɗe ni wasu na cakuɗa shi da soyayyiyar alkama. Na ce busasshen ganye nake so da karansa, in gan shi da idona, in murje shi da tafina. Ɗaya ganyen kuwa da na kai hanci sai ƙwalla ta cika mini ido a tsakiyar kasuwa. Ashe ɗoɗɗoya ce! Ɗoɗɗoyar nan da ke bayan randarki a gida, wadda kike tsinkowa ki jefa a farfesu. Duba ikon Allah, ƙamshin tsakar gidanki ne ya biyo ni har nan.

Na sayi sabon ƙaramin turmin dutse, sabon cokali, sabuwar kwalba mai murfi, na naɗe su a tsumma na cusa ƙarƙashin gadona. Na kafa doka, wanda ya taɓa burodi ba ya taɓa su.

Na farko da na haɗa, na ajiye na je na yi sallah, na dawo na tarar mai ya hau sama, khal ya kwanta a ƙasa, kowa ya kama gabansa. Na ce ya lalace, na zubar. Na biyu ma haka. Akwai Badaru, direba ɗan Gusau da ke kwana a gadon sama, wanda ya laƙaba mini Baba Italiya. Ya leƙo da bakin nan nasa, wai in barbaɗa 'yar fulawa ta kama shi, haka uwar 'ya'yansa ke kaurara miya. Fulawa, Asama'u! Har ya ɗauko gwangwanin! Na bi shi da ludayi har ƙasan bene yana ihu khalas Baba, khalas, wato ya isa, telolin layinmu suka bar kekunansu suna dariya. Sai da kuku ya taso aiki ya karɓi kwalbar, ya ɗaure murfi, ya girgiza ta kamar mai kaɗa nono a ƙwarya, sai ga shi ya haɗe, ya yi kauri, ya yi kalar hantsi. Ashe ba lalacewa yake yi ba, halinsa ne. In an bar shi ya rabu, in an girgiza ya koma ɗaya.

Ga abin da ke ciki, don ki san duk abin da ke shiga cikinki, ban rage ko ƙwaya ba. Man zaitun finjali uku, khal na tuffa finjali ɗaya, da rabin lemun tsami. Tafarnuwa na daka ta da gishiri har ta yi laushi. Masoro da hannuna na daka shi, da ɗan barkono kaɗan don na san ba kya son abinci lami. Za'atar da ɗoɗɗoya na murje su a tafi. Sai ɗigon zuma don ta kashe kaifin tsamin. Babu dunƙule, babu garin komai. Bismillah ce a farko, sunanki ne a ƙarshe.

Da Hadi ya tafi kai miki kwalbar, na zauna bakin taga ina kallon tantabarun Satwa suna sauka kan na'urorin sanyi, ina cewa a raina ko za ta buɗe, ko za ta ture. Na yi kewarki, ya ke farin watan daren goma sha huɗu. Na yi kewar tarinki na asuba, da ƙarar butarki, da yadda kike cewa Malam ka rage surutu. Wa zai ce in rage surutu yanzu? Wa nake ba wa labarin mutanen da suka shuɗe ya gyara mini sunan da na kuskure? Gulbi in ya ƙafe ana haƙa rairayinsa a samu ruwa, ni kuwa tun da aka raba mu ko'ina na haƙa a jikina ke nake tararwa.

To yau Allah ya share mini hawaye. Muhsinat ta ce likita ya ji labari, ya ce in kin ɗore a haka maganar roba ta mutu. Ki ɗore, Asama'u, don girman Allah ki ɗore. Ga kwalba ta biyu nan tare da takardar nan, ki girgiza kafin ki zuba. Ta uku tana hanya, ta huɗu ma, har ranar da hannuna zai kasa ɗaga taɓarya.

Kuma ki ji alkawarina. Na bar alkama. Ni Mijinyawa, da ba na wuce mai gurasa ban tsaya ba, na yi sallama da ita, da alkaki, da funkaso, da burodin shayin safe. Hadi ya ce Baba kai ai lafiyarka ƙalau. Na ce abin da bakin uwarka ba zai taɓa ba, nawa ma ba zai taɓa ba. In Allah ya mai da mu Kano, fulawa ba za ta ƙetare zaurena ba, mai zuwa gaisuwa da burodi ya cinye abinsa a waje sannan ya yi sallama.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Juma'a Hadi ba ya aiki, zai kawo ni. Ba zan hau ba, likita ya hana. Zan tsaya a ƙasa cikin rana, wajen da ake ajiye motoci. Ki leƙo ta taga da farantinki a hannu, ki kai loma ɗaya baki ina kallo. Kunnena ya ji, yanzu idona ne ke jin yunwa.

Naki tun ranar da aka shafa fatiha, naki a wannan gari da ba namu ba, naki har a mai da ni ƙasa, kuma in Allah ya karɓi roƙona, naki a can ma,

Mijinyawa