Gyaɗar da Ka Ƙi Zubarwa

Zuwa ga aminina Ɗanjuma,

Gaisuwa mai yawa, ko da yake na san inda kake ba a kai wasiƙa. Da ma kana raye ma ba ka cika sauraro ba, to me ya sauya?

Fushi nake da kai, mutumina.

Tun muna samari kake noman gyaɗa a Yangoji. Mai kyau ka ɗura a buhu, sai kasuwar Gwagwalada. Wadda damshi ya kama ta yi fumfuna, ita ce ta gida, wai wuta na kashe komai. Matarka Ladi ta dama kunu ta ce da ɗaci, ka ce ai ɗaci magani ne. Wane irin mutum ne zai ba baƙi tsoka, ya bar wa gidansa ƙashi?

Bayan an binne ka na tare likitan da ya duba ka, na ce ya yi mini bayani kamar mai ba jika tatsuniya. Ya ce jikin mutum gari ne, mazaunansa ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace na ɗauke da wasiyyar da ta gada, mai gaya mata yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta dakata, yaushe za ta mutu ta ba wata wuri. Akwai kuma mai gadi a cikinta. In rubutun ya ɓaci ya sa a gyara, in ya ƙi gyaruwa ya ce ta kwanta. To dafin fumfunar nan, wanda wuta ba ta ci, hanta yake nufa, yana kankare rubutun kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ya taɓa layin da ya naɗa mai gadin. Daga nan ƙwaya guda ta yi ta haihuwa, babu mai ce mata ya isa. Bai rantse ba, amma ya ce ga hanta irin taka, mai tsohon ciwo, ƙofa a buɗe take. Ciwon dajin da ya kumbura maka ciki ke nan.

Yanzu ga labarin gida. Ƙannenka sun ce Ladi ce ta yi maka sammu, wai dole ta tattara kayanta ta bar gidan. Ladin da ta yi ta wanke ka a asibiti suna can suna auna gonarka da ido! Ka ga abin da ka bar mata?

Ranar Lahadi, bayan sun taso daga coci, na hau mota daga Utako da wannan gwiwar tawa. Na shiga rumbunka na ɗebo gyaɗar nan cike da ƙwarya, na dire a gabansu. Na ba su labarin mai gadi, na ce duk wanda ya tabbata Ladi ce, ba wannan ba, bismilla, ya ci. Ɗanjuma, ko hannu babu wanda ya miƙa. Babbansu ya tsira wa ƙasa ido kamar ya yar da allura.

Ladi na ɗakinta, ba inda za ta. Sauran gyaɗar mun cinna mata wuta ni da ita, tana kuka ina zaginka.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba: kai marowaci ne, kuma ban da wani amini sai kai. Wa zan yi wa faɗa yanzu ya rama?

In ka ji haushin asarar, taso ka hana ni.

Sai na zo, mu ƙarasa rigimar.

Naka, wanda bai huce ba,
Sule