Wurin da ke gefen Juliana

Tudun Wada, Gombe
3 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Adaora,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kin koma Enugu lafiya, kin tarar da maigida da yara ƙalau. Ya ƙarin haƙuri? Na rubuto ne don kunnena ya daina shiri da waya, kuma wannan magana ba ta ihu ba ce. Direban motar dare zai miƙa miki.

Shekara arba'in da ɗaya muka yi da mahaifinki Osita a rumfa ɗaya, yana gyaran keke, ina aikin katako, muna faɗa a kan rediyo. Kwana uku kafin ya cika, ya riƙe hannuna a gadon asibiti ya ce, "Nehemiah, kada ka bari a ɗora ni a mota. Ka sa ni kusa da Juliana." Na ce na ɗauka. Ban tsaya tunani ba, don wa ke tsayawa tunani mai mutuwa yana riƙe da hannunsa?

Jiya Paschal, shugaban ƙungiyar 'yan garinku, ya zo da dattawa biyu. Suka ce a al'adarku ba a binne namiji a baƙon wuri, za a bar shi a mutuware har a shirya kai shi ƙauye. Na tambaye su wane irin baƙo ne ke shekara hamsin a gari, ya auri Juliana 'yar Kaltungo, ya binne ta a nan. Paschal ya ce ni aboki ne, ba dangi ba. Gaskiya ce, kuma ta yi mini zafi.

Ke ce babba, sa hannunki asibiti ke jira. Alkawari kaya ne, 'yata, ni kuma wuyana ya tsufa. Ki taya ni.

Naki,
Baba Nehemiah

Enugu
9 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya ƙafa, yaya uwargidanka Mama Millicent? Ka yi haƙuri da Hausata, ta yi tsatsa, amma da ita zan rubuta don babu mai iya karanta ta a gidan nan.

Na yarda da kai, Baba. Ni ma mahaifina ya sha faɗa mini, ina mayar da maganar wasa. Amma na je ƙauye ranar Asabar. Baffannina suka zaunar da ni a tsakar gida tun safe har rana ta karkata. Sun ce har yau ba su huce da binne mahaifiyata a Gombe ba, sun yi shiru ne don mace ce kuma ba tasu ba. Sun ce idan mahaifina bai kwanta a gidan ubansa ba, ƙanena Ifenna ba shi da baki a dangi, ba shi da inda zai kafa bulo ko ɗaya, shi da 'ya'yansa. Ifenna yana zaune yana kallon ƙasa. Mutum mai 'ya'ya uku, na ga yana share ido da hular da ke hannunsa.

Gaba kura, baya sayaki. Ba na iya cin abinci. Akwai wani baffan da ya taɓa zama a Jos, yana da sauƙin kai, ina so in bi ta wajensa. Don Allah ka ba ni mako biyu, kada ka yi komai. Na san halinka, mahaifina kan ce kai ne kafintan da ke buga ƙusa kafin ya gwada katako.

'Yarka,
Adaora

Tudun Wada
15 ga Yuli

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Millicent tana lafiya, ƙafa kuma da sauƙi.

Ubanki ya san ni. Na riga na buga ƙusar. Paschal ya aiko mini cewa sun kama mota, sai na ga mako biyu ya yi nisa. Kin san wurin nan da ke gefen mahaifiyarki, wanda Osita ya kafa wa tsohon wilin keke, yake zuwa sharewa duk ƙarshen wata shekara goma sha biyu? Na je wurin dattijon da ke kula da maƙabarta, na ce masa dangi sun amince. Ƙarya na yi, a tsufana. Na cire wilin, muka haƙa.

Dabarata ita ce, idan suka ji kabari ya riga ya buɗe baki, babu dattijon da zai iya ɗauke gawa ya bar shi haka. Akwatin gawar ma na haɗa, da katakon da na ɓoye don kaina. Millicent ba ta yi mini magana tun shekaranjiya.

Ki gaya musu aikin gama ya gama. Ki ɗora mini laifin duka, ni ba ni da fili a ƙauyenku.

Naki,
Baba Nehemiah

Enugu
21 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. Ban san da wane baki zan fara ba.

Labarin ramin ya riga wasiƙarka zuwa. Baffan da nake lallaɓawa shi ya fi kowa fushi, ya ce an mayar da su ba kowa ba. Suka kawo takardar alkawari da Turanci, wadda suke kira ondatekin, cewa na ɗauki nauyin sakin gawar kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Ifenna ya durƙusa mini a gaban mutane. Na sa hannu, Baba. Na san ka ga motar da ta tashi ranar Laraba. An binne shi jiya, a bayan wani gida da bai kwana goma a cikinsa ba tun ina yarinya. Waɗanda suka fi kowa kuka ba su san yana shan fura ba.

Ba na ganin laifinka. Kai ka riƙe amana, ni na saki. Abu ɗaya ya rage mini a duniya da zan yi masa. Ka sa a cike ramin, ka mayar da wilin. Da Kirsimeti zan zo in kafa dutse mai sunansa a gefen Mama. Ko ba ya ciki, wurin dai nasa ne, babu wanda zai raba su a ido. Da wannan tunanin kaɗai nake samun barci.

'Yarka,
Adaora

Tudun Wada
26 ga Yuli

'Yata,

Na gaishe ki. Kada ki sayi dutsen.

Dattijon maƙabarta ya ce ba a mayar da ƙasa a kabari babu kowa, kuma ruwa ya fara cin bakin ramin. Ranar Juma'a wani direba mai suna Jesse ya yi hatsari a hanyar Bauchi ya rasu, dattijon ya ba danginsa ramin. Na ruga da sandata don in hana, sai na tarar da matarsa tsaye da goyo a bakin ramin. Ta riƙe hannuna tana godiya, an gaya mata ni na haƙa. A gabana aka binne shi a ciki.

Shekara goma sha biyu ubanki ya tsare wurin nan da tsintsiya. Ni na bayar da shi a yini ɗaya.

Ki gafarta mini idan kin iya.

Nehemiah