Alamar da ke Cikin Murfin Agogo

Ya sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, Malamata,

Kin tuna ranar da kika shigo shagona da agogon mahaifinki ƙulle a hankici? Kika ce shekara talatin ke nan da ya fita bai dawo ba. Agogon kaɗai aka tsinta a ƙofar gidanku, gari kuma ya ce gudu ya yi ya bar ku. Kika tsokane ni, wai mai ganin cikin agogo ba zai kasa ganin cikin mutane ba. Wayyo, murmushin nan! Da shi kika mai da ni ɗan bincike, muka bi tsofaffin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kullum muna dawowa hannu rabbana.

Na cuce ki, farin watana. Tun ranar farko na sani.

Mu masu gyaran agogo, kowa yakan zana alamarsa da kwanan wata a cikin murfi. Da na buɗe, alamar babana na gani, kwanan watan kuwa kwana uku ne bayan ɓatan mahaifinki. Na tsare Inna da tambaya har ta fashe da kuka. Ta ce sa-in-sa Baba da mahaifinki suka yi a saman matakalar shagon, Baba ya ture shi, ya faɗo bai tashi ba. Baba ya binne shi a tsohuwar rijiyar bayan shago. Agogon ya fashe, hannun Baba bai iya barin fasasshen agogo ba, ya gyara, sabo ya sa ya zana alamarsa, sannan ya ajiye shi a ƙofar gidanku.

Wata bakwai ina ce miki ƙarfen da zan sa ne ban samu ba, don kawai ki dawo! Wata bakwai kina zaune a bencina, taku goma tsakaninki da shi! Wace inuwa zan shiga? Da wane baki zan ce ki yafe? Ina son ki har numfashi yana yi mini nauyi, kuma na san wannan takarda ce za ta raba mu.

Ga agogon, yana tafiya daidai. Ga makullin bayan shago. Ki gaya wa mahaifiyarki mijinta bai gudu ba.

Naki, ko ba ki ƙara kallon ƙofata ba, har ranar da za a rufe idona,

Mai Agogo