Rantsuwar Bubayero a Kan 196

Taura, Maris 1997

Ƙanena Bubayero,

Gaisuwa da fatan alheri. Sallah biyu ba mu gan ka ba, sai ka ce Dutse bangon duniya ce. Idon Inna kullum raguwa yake, har yanar ido ta rufe na hagu. Ba ta son saƙonka, fuskarka take son gani tun tana iya gani. Me muka yi maka?

Yayarka, Mahbuba

Limawa, Dutse

Adda,

Ina gaishe ki da ladabi. Ba ku yi mini komai ba, bakina ne ya ja mini. Akwai wani wasan lissafi da nake koya wa ɗalibai. Ki ɗauki lamba, ki juya ta, ki haɗa su. 57 da 75 sun ba da 132, ita kuma da 231 sun ba da 363, wadda ta gaba da ta baya duk ɗaya take karantuwa. Malam Gwadabe, abokin aikina, ya ce 196 ba za ta taɓa daidaita haka ba. Muka yi musu a gaban malamai, na rantse da Allah ba zan taka Taura ba sai na daidaita ta. Na zaci aikin yini ne. Yanzu lambar ta fi faɗin allo, kuma tsoro nake ji.

Ki gaida Inna.

Bubayero

Taura

Bubayero,

Sallama. Karatu dai bai hana wauta ba! Na kai wa Modibbo, limaminmu, wasiƙarka. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya karya ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ka san haka sarai, kunyar Gwadabe ce ta riƙe ka. Shi ya haife ka?

Mahbuba

Limawa

Adda,

Gaisuwa. Na ce wa Gwadabe na sallama. Sai ga shi yana ba ni haƙuri, wai ya karanta cewa wata kwamfuta a ƙasar waje ta shekara uku a kanta ba ta gama ba. Wallahi kamar an sauke mini dutse. Na auno gero, ina tafe Juma'a.

Bubayero

Taura

Ƙanena,

Da fatan ka koma lafiya. Tun tafiyarka Inna ke mita, wai ka rame, wai har furfura ta hango a gemunka. Ni ban ma lura da ita ba.

Alhamdu lillahi. Ka huta lafiya.

Mahbuba