Na duba kaina da madubin da nake duba bijimai

Assalamu alaikum Edita, da duk masu karanta wannan shafi. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai inda ba na iya ɗaukarsa ni kaɗai.

Ni malamin dabbobi ne na En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙasar Tudun Wada nake aiki. Shekara tara ke nan ina bin rugage a kan keke, daga Yako har gindin duwatsun Doguwa, ina binciken abin da ke hana shanu haihuwa. Baturen likitan da na fara aiki a ƙarƙashinsa shi ya koya mini duba maniyyin bijimi a madubin likita, wanda ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, da zai koma ƙasarsu ya bar mini madubin. In bijimi lafiyayye ne za ka ga ƙwayoyin suna iyo kamar 'yan kifi, in ba lafiya sai ka ga fili. Da wannan na gano cewa sau da yawa saniyar da ake kira juya ba ta da laifin komai. Wani Arɗo a kusa da garin Ƙofa ya sayar da shanu mata shida saboda ba sa ɗaukar ciki, na duba na ce masa, "Baffa, bijimin ne." Ya yi wata uku ba ya amsa sallamata, da ya sauya bijimi garken ya cika da maruƙa, yanzu shi ke turo mini mutane. Har daga Kano ana aiko sababbin malamai in koya musu.

To ga damuwata. Shekara goma sha ɗaya da aurena, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba irin jiƙon da matata ba ta sha ba, rubutu, saiwa, turare, har wani magani da ya kwantar da ita sati biyu tana amai. Innata ba ta zaginta, amma in an yi suna a dangi sai ta ce kada a ba ta jariri ta riƙe, ranta zai sosu. Matata kuwa ta daina zuwa sunan ma gaba ɗaya.

Da damina, wata ranar Asabar bayan ma'aikata sun tashi, na kulle ofis na duba nawa maniyyin a madubin. Ban ga komai ba, fili. Na ce ko madubin ne, na goge shi, na ɗora na wani bijimi da aka kawo da safe, ga su nan suna motsi. Na sake gwada kaina sau huɗu cikin wata biyu, duk ɗaya. Sai na tuna hangum da ya kama ni ina makarantar koyon aiki, har ya sauka ƙasa na kumbura, na yi kwanaki ba na iya tafiya. Likitan mutane bai duba ni ba tukuna, amma na san abin da idona ya gani.

Wata biyar ke nan ban gaya wa kowa ba. Aikin ma ya fita raina, in na tsaya gaban makiyayi ina masa bayani sai in ji bakina ya yi nauyi. Makon jiya Inna ta zo da maganar wata mai magani a Doguwa da ke tsaga mara tana zuba garin magani, na ce ba za a je ba, muka yi sa-in-sa, ta ce aikin Nasara ya sa na raina maganin iyaye. Da ta tafi, matata ta kawo mini tuwo ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Malam, ka bar ni in je. In wannan ma bai yi ba ka auri wata, ni na yafe, na gaji da tauye ka." Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

In na faɗa mata tana da ikon neman rabuwa, shekarunta ba su wuce na haihuwa ba, kuma ban ga laifinta ba in ta tafi, sai dai ban san yadda zan zauna a gidan nan babu ita ba. In Inna ta ji, dangi duk sun ji. In na yi shiru, Inna ta riga ta sa ranar zuwa Doguwa, Juma'a mai zuwa za a sa wa matata aska a kan ciwon da ba nata ba.

Malamai da dattawa masu karatu, ita zan fara gaya wa, ko in je asibitin Kano a tabbatar tukuna? Wanda ya taɓa faɗa wa matarsa irin wannan magana, don Allah da wace kalma ya fara? Kwana shida ya rage.