Waɗanda Aka Haifa a Rana Irin ta Yau

Malam,

Assalamu alaikum. Ina kwana? Ka ga abin da sabo yake sa mutum, ina gaida wanda ba zai amsa ba. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, babu motar da ke lodi zuwa inda kake. Amma kai ka zaunar da ni ka koya mini boko, don haka sai ka yi haƙuri da karkataccen rubutuna.

Gida lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, wake ne ƙwari suka taɓa. Akuyar nan taka mai taurin kai ta haifi biyu, kuma duk halin uwarsu suka ɗauko. Ɗanka Sani ne ke zama wurin da kake awon hatsi a kasuwar Bukkuyum. Matan Fulani masu kawo nono sun ce hannunsa bai kai naka cika mudu ba.

Yau ashirin da ɗaya ga Maris. Ranarka ce, ko in ce ranar da ka ƙwace da ƙarfin tsiya.

Ka tuna yadda aka yi? Innarka ba ta san wata ko shekara ba, abin da ta ce kawai shi ne a farkon bazara ta haife ka, rijiyoyi sun fara ja da baya. Rannan kana sauraron shirin nan na safe da ake faɗin abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, sai mai shirin ya ce yau ce ranar farko ta bazara a ƙasashen Turai, dare da rana sun yi daidai, mutanen Iran kuma suna bikin sabuwar shekara. Ka tashi zumbur har ka kifar da kunu. Ka ce shi ke nan, an gano maka ranar haihuwa.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne murnar. Ka ce waɗannan wane irin mutane ne da za su yi biki don zafi ya shigo? Ko ba su san ƙishi ba ne? Ka yi ta jin tausayinsu shekara da shekaru. Da Sani ya yi karatu ya bayyana maka cewa tasu bazarar fitar sanyi ce, lokacin da itatuwa ke tofo, ka ce ya rufe maka baki, bazara bazara ce. Kai dai Malam, ba a kayar da kai a gardama.

Duk shekara ranar nan sai ka ɗora rediyo a gwiwa. A faɗi baƙaƙen fatar da aka harbe a Afirka ta Kudu, ka yi musu addu'a kamar 'yan unguwarmu. A faɗi ƙasar da ta sami 'yancin kai, ka yi musu barka. In an zo waɗanda aka haifa, mawaƙan Turai da 'yan ƙwallo, sai ka kasa kunne har a gama, ka ce an sake mantawa da kai. Ka ce ba komai, wata rana sai an faɗi sunanka. Ni kuwa in ce wa zai faɗa?

Ni dai ban taɓa faɗa ba. Tun da aka kawo ni daga Gummi ina yarinya, sunanka bai taɓa fita bakina ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta kama sunan miji. Ko wani mai irin sunan ya yi sallama, sai in ce mai sunan Malam ne. Lokacin da kake kwance a ciwon ajali ka tsokane ni, ka ce in faɗa sau ɗaya mana, don ka tabbatar na san wanda na aura. Na rufe fuska da gyale na fita ina dariya. Na ɗauka akwai sauran lokaci. Abin nan ya zauna mini a ƙirji, wallahi ya zauna.

To ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Bara, ranar nan taka, matar Sani ta haifi namiji a Anka. Ikon Allah! Ba kwana ɗaya kafin ba, ba kwana ɗaya bayan ba. Aka mayar masa da sunanka. Iyayen suna ce masa Abba, ni kuma Maigida, kamar yadda kowace kaka ke yi. Yana da goshinka, kuma ba ya sakin abin da ya riƙe.

Yanzu shirin nan naka ana buga musu waya. Yau da safe Sani ya zo da matarsa da yaron, ya kunna rediyonka, ya yi ta kira har aka ɗauka. Kafin in ankara ya manna mini wayar a kunne, ɗan banza, yana ta murmushi. Mai shirin ya gaishe ni, ya tambayi wanda nake taya murna. Na ce Maigida. Ya yi dariya ya ce Inna, sunan yanka ake so, don a sa shi cikin waɗanda aka haifa yau.

Malam, sai na waiga. Ga Sani, ga matarsa, ga maƙwabta sun leƙo ta katanga. Daga nan har Gummi babu gidan da ba a kunna shirin nan. Sai na dubi rediyon, wurin da yatsanka ya goge fentin, na faɗa. Mai shirin ya maimaita har da ƙari, ya jera ka bayan wani ɗan ƙwallo.

Ko minti biyar ba a yi ba yayata ta kira daga Gummi tana salati, wai tsufa ya cire mini kunya. Na ce mata jikana na kira, ina laifi? Sani ma haka ya ɗauka. Na bar su a haka.

Amma kai ba zan ɓoye maka ba. Yaron yana kan cinyata, ko kallonsa ban yi ba. Kai nake nufi. Na san wanda na aura, kuma da za a sake tambayata, kai zan sake zaɓa, da gardamarka da rediyonka. Ka ji? Ko can ma sai an maimaita maka?

Zafi ya shigo sosai, rijiyar gida ta fara ja da baya. Yau dai ni ma na yi murnar bazara. Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya haɗa mu a inda babu ƙishi.

Sai na zo, Haliru.

Taka,
'Yar Gummi